Tanadin Ko-ta-kwana a Gidan Manomi: Ƙa'idojinsa da Yadda Ake Karya Su

Tanadin ko-ta-kwana shi ne abin da gida yake ajiyewa na abinci da ruwa da magani da kuɗi saboda ranar da al'amura suka dagule. A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda gona take manne da gona, wannan ilimi ne da kowa ya haddace. Babu magidancin da ba zai iya yin lacca a kansa ba a gindin darbejiya bayan la'asar. Aiki da shi ne kawai ake ɗagawa zuwa baɗi.

Rabe-raben abin da ke samun gida

Masana na majalisar ƙofar gida sun kasa matsaloli kashi biyu. Kashi na farko ya ƙunshi ruwan marka a watan Agusta, da tsadar hatsi a tsakiyar damina, da zazzaɓin sauro, da gobarar hunturu. Waɗannan ba su taɓa saɓa alkawari ba, kowace shekara suna zuwa a kan kari, kuma duk ranar da suka iso sai a riƙe baki a ce abin ya zo ba zato ba tsammani. Kashi na biyu shi ne biki da suna da ɗinkin Sallah da ragon Layya. Su ne lalura, kuma su kaɗai ne suke da ikon buɗe rumbu ba tare da shawara ba.

Ba rashin tarihi ne ya jawo haka ba. Ƙasar Kano ta ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga ta 1927, ta kuma ga farin 1973, wanda har yanzu akwai dattawan da suka shaida shi da idonsu. Liman ma yakan kawo ƙissar Annabi Yusuf da tanadin shekaru bakwai, jama'a su yi ta gyaɗa kai. Da an fito daga masallaci sai a tambayi nawa ake sayen buhun dawa a kasuwar Dawanau.

Rumbu

Ƙa'idar rumbu tsohuwa ce. Ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da laima. Gero a dami, da zangarniyarsa, ya fi wanda aka sussuke daɗewa. Ana fitar da zakka, kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, a ware iri, sannan a lissafa bakunan da za su ci har zuwa fitowar sabon gero a watan Satumba.

A aikace, lissafin yakan tsaya ne a ranar da aka sa bikin 'yar fari. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, maigida zai ce dami biyu kacal za a taɓa saboda gado da katifa. Dami biyun sukan janyo 'yan'uwansu: na gara, na kwanuka, na maroƙa, na gudunmawar bikin abokin da shi ma ya kawo gudunmawa bara. 'Yan sari su loda a mota su nufi Dawanau. A watan Yuli kuma sai a ga maigidan a kasuwar ƙauye yana awo tiya-tiya, yana tsine wa masu ɓoye abinci. Sau da yawa hatsin nasa ne ya je ci-rani ya dawo, ya yi tsadar da mai shi ba ya iya gaisawa da shi.

Wake yana da nasa babin. Ƙwari ne abokan gabansa, maganinsu kuwa shi ne buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, wanda yake hana su iska muddin an ɗaure shi tam an ƙyale shi. Sharaɗin ƙyalewar ne ba ya cika, domin kwaɗayin ɗanwake da alala ba ya jiran bazara.

Ajiyar uwargida

Hukumar agajin gaggawa ta gaskiya a cikin gida tana ƙarƙashin gadon uwargida. A nan ake samun busasshiyar kuɓewa da garin kuka da daddawa da barkono da kanwa, da tukunyar geron da aka riƙa tsakurowa daga awon kullum tun watan Disamba. A tsakar gida kuma akwai akuyarta, a maƙwabta akwai zubinta na adashi. A hukumance maigida bai san da wannan dukiya ba. Amma da marka ta kankama, sai a ji muryarsa ta yi laushi a bakin ƙofa: "Uwargida sarautar mata, ko za a ranta mini tiya biyu, da kaka in biya?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce: "To, Malam. Kakar bana ko irin ta bara?" Ba a cika jin abin da ya biyo baya ba, sai dai ƙarar turmi.

Gini da ruwa

Gidan ƙasa yana buƙatar yaɓe, da gyaran indararo, da yashe magudana, duk kafin ruwan farko. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu faɗin haka su ne ake gani a kan soro da kwaɓaɓɓiyar ƙasa bayan hadari ya riga ya haɗo daga gabas, iska tana kaɗa musu riga, suna kiran yaro ya miƙo kwano. Inda yaɓen bai kai ba, kwalla da samira na jeren amarya suna karɓar aikin tarar yoyo har asuba.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, gidajen rediyo kuma su maimaita. Mai sauraro yakan ce: "Su ne suka san gaibu?" Daga nan sai ya sanar da majalisa cewa bana za a yi ruwa sosai, domin gwiwarsa ta hagu tana masa tsami.

Dabarar da aka fi amfani da ita wajen kare ambaliya ita ce kowa ya tara ƙasa a ƙofar gidansa, ya karkatar da ruwa zuwa gidan maƙwabci. Maƙwabcin ma ya yi haka. Ruwan yakan ƙare a gidan wanda ya je ta'aziyya, maganar kuma ta ƙare a gaban mai unguwa. Bayan ambaliya ruwan rijiya yakan gauraya da na masai, daga nan amai da gudawa suke ɓulla. Tafasa ruwan sha yana kare wannan, sai dai itacen da za a tafasa shi an bar shi a waje ya jiƙe.

Wuta da haske

Kowane gida yana da tocila, batirinta kuma yana cikin rediyo. Wayar da za a haska da ita tana shagon mai caji. Ta fuskar gobara, tsarin da aka fi bi shi ne a jingina kara da harawa a jikin madafa, a ajiye jarkar man babur a bayan ƙofa, sannan a shigar da kaskon garwashi ɗaki saboda sanyi. Bokitin da ya kamata ya kwana da ruwa yakan kwana a gidan da aka are shi.

Magani

Akwatin maganin gida baƙar leda ce da aka rataye a ƙusa. A cikinta akwai ragowar ƙwayoyin da marar lafiya ya daina sha ranar da ya ji sauƙi, da kwalbar da rubutunta ya goge, da man zafi. Ana gane amfanin kowace ƙwaya da launinta. Gidan sauron da aka raba kyauta yana can yana kare 'yan tsaki daga shaho, ko yana cikin ledarsa ana jiran babban baƙo. Haɗin ruwan gishiri da sukari, wanda yake ceton yaro mai gudawa, ba shi da wuya: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cikas ɗin kawai shi ne sukarin ya riga ya tafi a koko.

Kuɗi da takardu

Darussa biyu sun zo a kusa da juna. Kullen korona na watan Afrilun 2020 ya nuna cewa kasuwa tana iya rufewa. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya nuna cewa wanda ya binne kuɗinsa a tulu da wanda ya kai banki duk suna iya haɗuwa a layi ɗaya a gaban mai POS. Hukuncin da majalisa ta yanke shi ne akuya ta fi, domin ba a sauya mata launi. Takardar gona da katin rigakafin yara kuwa ana adana su a ƙarƙashin tabarma, wato wurin da ruwa yake fara isa.

Maƙwabci da gwamnati

Idan duk waɗannan suka gaza, saura maƙwabci. Ana aika yaro da kwano: "Wai in ji Inna, a sam mana gishiri." Wannan tsari ya ceci gidaje da yawa, kuma shi ne yake tayar da katangar da ta faɗi ta hanyar gayya. Rauninsa guda ne: maƙwabcin ma da wannan gidan ya dogara, har yaran biyu sukan yi kiciɓis a hanya, kowa da kwanonsa.

Daga ƙarshe akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha. Ranar da aka ce za a rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa ita ce ranar da shirin gaggawa yake kai maƙura: kowa ya fito da wuri, da katin shaidarsa a hannu, har da wanda katangarsa ta faɗi tun shekarar da ta gabaci bara, da wanda gidansa yake kan tudu amma ya ce ruwan ya tayar masa da hankali.

Lokacin da ya fi dacewa da yin tanadi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hatsi yake da arha, ƙasar yaɓe take bushewa da wuri, aikin gona kuma ya yi sauƙi. Waɗannan watanni su ne kuma na bukukuwa, saboda dalili ɗaya: lokacin ne ake da abin hannu. A duk gidan da tanadi da biki suka yi karo, tanadi ne ake ba haƙuri.