Yaƙutu, Ɗan'uwan Tukunyar Dalma

Na san ku sarai, 'yan majalisar shayi na New Bell a Douala. Da an ce akwai dutsen da ke fitar da haske mai huda reza, sai ku kama haɓa: "Malam, gishirin ya yi yawa!" Amma jan dutsen zoben da aka sayo a Marché Congo, aka ce maganin ƙarfe ne, wannan kun haɗiye shi ko ruwa ba ku nema ba.

To ku ajiye kofi. Ranar 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu ta Amurka, Theodore Maiman ya ɗauki guntun yaƙutu kamar gaɓar yatsa, ya shafe bakinsa biyu da azurfa, ya zura shi cikin wata fitila murɗaɗɗiya kamar gammo. Fitila ta yi walƙiya, dutse ya shanye koren haske da shuɗi, ya feso ja wur, siriri, a miƙe. Leza ta farko a duniya ke nan.

"To aljani ne a ciki?" Ina! Alumina ce. Ee, farin garin nan da jirage ke saukewa a tashar Douala, a kai wa masana'antar Alucam a Edéa ta fitar da alminiyam, dangin tukunyar da uwargida ke tuƙa tuwo a ciki. Sai ɗan kromiyam, kashi 0.05 cikin 100, kamar kanwa a miyar kuka. Shi ya ba dutsen ja, shi ke tara hasken ya sake shi. Alumina masauki kawai ta ba shi.

Alhaji, na ga kana murza zobe kana murmushi. Sannu. Yaƙutun Maiman ba haƙo shi aka yi ba, haɗin hannu ne, irin dabarar da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana a 1902. Na ƙasa datti da tsaga sun yi masa yawa, a nan jabu ya fi na asali. Naka kuwa, mu rufa wa juna asiri, kwalba ce.

A 1969 'yan Apollo 11 suka ajiye madubi a duniyar wata, aka harba masa hasken yaƙutu daga Kalifoniya, ya je ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Cikin wannan ɗan lokacin, ɗan acaɓan bendskin ɗinku a cunkoson Ndokoti bai gama danna hon ba.