Ranar da Damagaram ta rasa wasulanta

Shekara shida na yi ina buga takardu a wani shago a Kano, har aka cire tallafin mai a 2023, maigida ya ce janareta ya fi ƙarfinsa. Na yi ta buga-buga, daga baya na ƙetaro ta Maigatari na dawo gida Dogo-Dogo. Da zaman banza ya ishe ni, na ce zan koya wa manya kwamfuta kyauta. Shekaranjiya aka fara, a ajin lakwal, da kwamfutar da wani mushe ya ara mana.

Mutum kusan ashirin suka zo, har da surukina. Shi ne dalilin da ya sa na ce a ɗaure mini ido da rawani, in nuna musu yadda ake rubutu a Kano. Na miƙe yatsu na buga "Damagaram". Ajin ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne, har na ɗan rusuna, ina cewa, "Ai ba komai, sabo ne." Wannan rusunawar ce take hana ni barci. Ido a ɗaure, kai a sunkuye, ina jiran tafi!

Da na kwance rawanin, ga abin da ke kan allo: Dq,qgqrq,

Ashe madannanta na Faransa ne, AZERTY. Inda yatsana ya saba tarar da A, Q ce zaune, gurbin M kuwa waƙafi ne. Na sani, wallahi na sani, amma a lokacin kaina ya ɗauke wuta. Na ce to, lamba ai ba ta da yare, bari in rubuta 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka sami 'yanci. Ta ba ni &ç-à.

Nan wani tsoho mai sayar da goro, wanda ba ɗan aji ba ne, inuwa ya shigo sha, ya matso.

"Yaro, ba lalacewa ta yi ba. Canji take yi. Ka ba ta naira, ta mayar maka da sefa."

"Baba, rubutu ne, ba kuɗi ba."

"To sake ba ta wannan da ta ba ka, ta mayar maka da naka. Amma za ta ci riba."

Da ya ga na yi shiru, ya ce ko in ɗan dake ta a ƙeya, haka yake yi wa rediyonsa in ta juya Faransanci. Ya ƙara da cewa tun farko laifina ne, ban yi mata sallama ba.

Surukina bai ce uffan ba. Ya dai kwafe Dq,qgqrq, cikin littafinsa a tsanake, harafi bayan harafi, sannan ya ɗaga hannu.

"Malam, yaya ake karanta shi?"