Haƙori, Sarkin Ɗaukar Laifi

A ƙasar Hausa ban san wanda aka fi yi wa sharri kamar haƙorin jariri ba. Tun bai leƙo daga dasashi ba aka gama rubuta masa laifuffuka. Yaro na zawo? Haƙori ne. Jiki ya yi zafi rau, yana amai, ido ya faɗa? "Kwantar da hankalinki, Maman Abba, haƙori yake yi." Sauro yana can bayan labule yana dariya, ruwan randar da ba a rufe ba ya sha da ƙyar. Gaskiyar ita ce a watannin nan, daga wajen wata 6, yaro ke fara rarrafe yana cusa duk abin da ya tsinta a baki, har da takalmin baƙo. Amma wa zai kai ƙarar takalmi?

Sai a aika kemis a sayo "maganin haƙori". A 2008 wani irin wannan magani, My Pikin, ya hallaka yara fiye da 80 a Najeriya saboda wani sinadari mai lalata ƙoda, har NAFDAC ta rufe kamfanin. Wannan kam ba abin dariya ba ne, don haka mu wuce.

Abin dariyar shi ne ranar da haƙorin ya fito, ranar aka manta da shi. Baba ya dawo kasuwa da alewa, kawu ya zo da cingam, Hajiya kaka tana da tuwon madara da gullisuwa ƙulle a gefen zane, kuma kaiconka in ka ce uffan: "Ni da na raini ubansa za ka koya wa raino?" Da dare a cika fida da shayi mai sukari, yaro ya yi barci da ita a baki. Buroshi fa? "Ai na yarinta ne, zubewa za su yi." Haƙora 20 cur, an yanke musu hukunci tun kafin su yi aikinsu na riƙe wa na dindindin gurbi. Wajen shekara 6 kuma turmin dindindin ke fitowa can ƙurya ba tare da ya tumɓuke kowa ba, sai a haɗa shi da 'yan zubewa a bar shi ya yi kogo.

Maigida na zaune da asuwakinsa tun asuba, yana gogar nasa har su ɗauki ido. Makilin ɗin da ƙaramin yaro ke buƙata bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma nan ne tsadar rayuwa ke tuno masa da kanta. Sai kumatun yaron ya kumbura tsakar dare a ce tsutsa ce, a danna kanumfari, gari na wayewa a nufi asibiti da umarni guda: "Likita, cire shi kawai." Daga nan gida ya tashi tsaye, kowa na gargaɗin yaro kada ya kuskura ƙadangare ya ga wawulonsa.