C-HR a Hanyar Tsibiri

A 2016 Toyota ta fito da C-HR, mota mai ƙirar jif amma ƙashinta na ƙaramar mota. Da yawa daga cikinsu a Sakarya ta ƙasar Turkiyya ake haɗa su, kuma masu zane ba su yi rowar ado ba: fitilu masu harara, jiki duk kusurwa, rufi ya gangaro ta baya. Hannun buɗe ƙofar baya ma can sama aka ɓoye shi, gefen gilashi. Baƙo sai ya zagaya ta sau biyu kafin ya yarda ƙofarta huɗu.

A kan kwaltar Gusau zuwa Sakkwato ba ta da makusa. Direba na da allo a gabansa, ga sanyi, ga kujera mai rungumar mutum.

Rigimar tana baya, inda mai mota na gaske ke zama. Alhaji ya sha babbar riga, ya kafa zanna bukar, sai rufi ya ba shi zaɓi: ko ya tuɓe hula, ko ya tafi a duƙe har Talata Mafara. Tagar kuma 'yar firit ce, wanda ya sayi mota don a gaishe shi ba mai hango shi. But ɗin kuwa, buhu biyu na shinkafar Bakolori sun isa a fara shawara.

Da damina, idan aka saki kwalta aka nufi Tsibiri, sai motar ta maƙale, don yawancin C-HR tayoyin gaba kaɗai ke ja. Nan 'yan kabu-kabu ke wucewa suna yi wa Alhaji sannu, samarin ƙauye kuma suna naɗe wando, suna cinikin kuɗin turi.