Yadda Ake Ɓare Dalili a Jarrabawar Tarihi

Ƙanena ɗan makarantar sakandare a Danwarai, in WAEC ko NECO suka tambaye ka abin da ya haddasa jihadin 1804, to ka riƙe alƙalaminka tukuna. Na san hannunka na ƙaiƙayin farawa daga haihuwar Shehu Usmanu a Maratta a 1754. Kafin ka raka shi Degel, mai gadin jarrabawa ya karɓe takarda. Mai maki ya san labarin tun kafin a yaye ka, dalili yake nema.

Kai da ka tashi kusa da Aliero ba sai an koya maka ɓare albasa ba, haka za ka yi wa tambayar. Ɓawon waje shi ne abin da ya tunzura rikicin nan take, kuma a yankinku ya faru. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa Gimbana, inda Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa, suka kwashi mutane. Da suka biyo ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, almajiran Shehu suka kuɓutar da kamammun. Yunfa ya fusata, Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni.

Kada ka tsaya nan kana murmushi, ci gaba da ɓarewa. Me ya kai Abdussalami Gimbana tun farko? Takurawar sarakunan Gobir, musamman dokokin Sarki Nafata da suka hana rawani da lulluɓi da shiga Musulunci ga wanda bai gada ba. Ƙarƙashin wannan kuma ga jangalin da ya ishi makiyaya, ga zaluncin da talakawa ke kuka da shi, ga jama'ar Shehu da ta yi yawan da ya hana fada barci.

Kalmomi uku za ka yi guzuri da su: saboda, wannan ya sa, sakamakon haka. Duk sakin layin da babu ɗayansu, tatsuniya ka ba malam, kuma ba ya biyan tatsuniya da maki. Kalmar "sannan" kuwa ka bar ta a ƙofar aji tare da jakarka.

Daga ƙarshe ka fito fili ka ce ga dalilin da ya fi nauyi, ka kawo hujja. Ni dai dokokin Nafata zan zaɓa, domin su suka mayar da saɓanin malamai da fada rigimar da ta shafi kowane mai rawani a ƙasar Gobir.