Rediyon Baba Maigadi

A filazar da muke kasuwanci akwai wani akwatin ƙarfe a bango, daidai saman bencin Baba maigadi. Shi ne uwar ƙararrawar gobara. Duk fayafayan nan masu shinshinar hayaƙi da ke manne a silin, da jajayen akwatunan da ake fasa gilashinsu, wayoyinsu can suke ƙarewa. Mu dai "rediyon Baba" muke ce masa, don shi kaɗai ke taɓa shi, kuma tasha ɗaya ya sani: maɓallin da ke mayar da akwatin sabo, ƙara ta mutu.

Ranar da aka kafa shi, injiniya ya tara mu ya yi bayani. Koriyar fitila, akwai lantarki. Rawaya, wani abu ya lalace, ko waya ta tsinke ko batir ya mutu. Ja kuwa gobara ce, kuma an raba ginin shiyya-shiyya, kowace da lambarta, don ka san inda za ka ruga ka duba. Ya ce maɓallin da ke mayar da akwatin sabo shi ne na ƙarshe, don in ka danna shi da wuri ka goge shaidar inda hayaƙin ya fito. Muka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, hankalinmu na kan ciniki.

Gaskiya abin da ya ɓata mu da shi turaren wuta ne. Kullum da hantsi Hajiya mai atamfa sai ta turara shagonta, jiniya ta ɗauka. Da hunturu ya shigo, ƙura ma ta koyi tayar da ita. Sai muka yi irin tamu dabarar: leda da kyauro, aka ɗaure wa faifan baki.

Jiya jiniyar ta sake kuka, babu wanda ya ɗaga kai daga ƙirgen kuɗi. Na ce, "Baba, wace shiyya ce ta kama?"

"Ɗana, turaren Hajiya ne."

"Ai Hajiya tana Umara, Baba."

Ya yi shiru. Ya riga ya danna, allo ya koma fes. Haka muka bi hawa uku shago-shago muna shinshine-shinshine, har muka tarar da hita a bokitin roba, ruwa ya ƙone ƙurmus.

Abin dariyar, mu ne gwanayen ba da labarin gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016, yadda dubban shaguna suka tafi a dare ɗaya. Kowa na da ɗan'uwan da ya yi asara. Amma tambayi mutum goma lambar kiran gaggawa, da ƙyar biyu su ce 112.

Batura biyu ne a cikin akwatin, don su riƙe shi in NEPA ta ɗauke. Ɗaya an are shi tun azumi, ana kunna fanka. Rawayar fitilar tana nan tana kai ƙara, Baba ya liƙe ta da baƙin salatif, wai tana hana shi barci.