Yadda Za Ka Hau Tsaunukan Alps Ba Tare Da Ka Bar Funtuwa Ba

Duk shekara da zarar ƙanƙara ta narke a Turai, sai ka ga masu hannu da shuni sun ɗauki hutu, sun biya kuɗin jirgi da na otal, sun nufi tsaunukan Alps da ke tsakanin Faransa da Italiya da Suwizalan don su sha wahala da gangan. Su hau keke su yi ta haki har ƙololuwar dutse, su ɗauki hoto, su gangaro. Babu buhu, babu saƙo, babu wanda ya aike su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kekuna suka fara fitowa daga bayan rumbu a ƙasarmu, saboda haka lokaci ya yi da mu ma za mu shiga sahun manya. Ga shawarwari ga ɗan Karaduwa, wato shiyyar Funtuwa, mai son zama gwanin hawan tsauni.

1. Ka fara samo tsaunin

A nan 'yar matsalar take. Galibier na Faransa ya kai mita 2,642. Stelvio na Italiya mita 2,757 ne, da kwana 48 a ɓangare guda. Alpe d'Huez kuwa, wanda ya shiga gasar Tour de France a 1952, hawa ne na kilomita 13.8 mai kwana 21, kowace kwana an rubuta mata sunan zakaran da ya taɓa cin tsere a wurin. Mu kuma Allah ya shimfiɗa mana ƙasa don masara da dawa da auduga da waken soya. Duwatsun da ke tsaye a Funtuwa da wajen Ƙanƙara na awaki ne da yara masu kiwo, ba wanda ya yi musu kwalta.

Kada ka karaya. Manoman Bakori sun daɗe da warware wannan: in babu tsauni a gabanka, sai ka ɗora shi a bayanka. Mu yi lissafi. A ce Bature da kekensa sun kai kilo 72, yana hawan tudu mai tashin kashi 8 cikin 100. Kai kuma kilo 60, keke kilo 20, buhun masara kilo 100, jimla 180. Ɗan tudun da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, irin wanda direban mota ba ya ma sanin ya hau, zai ja ka baya kusan daidai da yadda Alpe d'Huez ke jan Bature. Ka ga ke nan ka samu Faransa a kan kariya, kuma ba biza.

2. Zaɓen keke

Dokar tseren duniya ta ce kada keke ya gaza kilo 6.8, don kamfanoni sun yi ta rage masa nauyi har abin ya so ya wuce gona da iri. Irin wannan keke kuɗinsa zai saya maka gona da shanun huɗa, amma ka ɗora masa tiya goma ta gero ka ji yadda zai yi kuka. Kai nemi Raleigh ko Phoenix na gado, baƙi, mai birkin ƙarfe, wanda kakanka ya kai auduga kamfanin Bisije da shi. Ka duba kariya da kyau: in maƙeri bai ƙara mata rodi biyu ba, ba ta isa tafiya ba.

Nasu yana da giya fiye da ashirin. Naka biyu gare shi: ta ɗaya kana bisa, ta biyu ka sauka kana turawa. Giya ta biyu ba ta taɓa lalacewa.

Aron keke kuma ba abin kunya ba ne. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yar tseren Najeriya Ese Ukpeseraye da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga fili. In maƙwabci ya yi maka gori, ka gaya masa tsarin ƙasa kake bi.

3. Sutura

Za ka ga zakarun Turai cikin wando ɗamamme mai sheƙi wanda bai kai gwiwa ba. Ina roƙonka da girman Allah kada ka gwada. Kafin ka wuce majalisa ta biyu labari ya isa gidan surukanka, kuma ba a rasa dattijon da zai tare ka ya ce, "Yaro, lafiya dai ko? In wani abu ne ka faɗa mana a nemi taimako." Ka sa 'yar shararka, ka naɗe ƙafar wando ta dama ka cusa cikin safa don kada sarƙa ta cafke. Mai babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, in ba haka ba iskar hunturu za ta mai da shi Zariya alhali Malumfashi ya nufa. Hular kwano kuwa ka saya ka sa. A nan ba raha nake ba, kwalta ba ta san gwani ba.

4. Hanyoyin da za ka bi

Funtuwa zuwa Bakori ta masu koyo ce. Kafin gumi ya jiƙa riga ka isa. A nan za ka koyi darasi na farko, wato in tirela ta yi maka ham daga baya, ba gaisuwa ba ce. Sauka gefe ka ba ta girmanta.

Funtuwa zuwa Malumfashi, kusan kilomita 50, ita ce babbar jarrabawa: ka tashi daga ƙasar Sarkin Maska ka sauka a ta Galadiman Katsina da ƙarfin cinyarka. Hanyar ba ta da dutse, sai tudu da gangare masu sanɗa, ka gama wannan wani ya leƙo. Turawa suna ƙirga kwana, kai ka ƙirga ramuka, kuma kana da ikon raɗa wa kowane rami sunan wanda ya faɗa ciki.

Bakori zuwa Ɗanja hanyar zaƙi ce. Ka je fayau, ka dawo da damin rake a gicciye, faɗinsa ya fi na a-kori-kura. Ranar ce kaɗai masu mota za su kauce maka.

Hanyar Ɗandume ranar kasuwa ta ƙwararru ce. Can za ka ga mutum da buhu a kariya, wani rabin buhu a kan sandar tsakiya, kaji biyu a rataye a ƙaho, yana tuƙi da hannu ɗaya yana amsa waya. A gasar Faransa farar riga mai ɗigon ja ake ba sarkin hawan tsauni. Wannan bawan Allah ko sannu ba a yi masa.

Wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara kuwa akwai duwatsu masu kyan gani, amma kowa ya san halin da ake ciki. Ka tambayi mutanen gari kafin ka ɗau hanya, in sun ce a'a, to a'a ce. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

5. Lokaci

Manyan hanyoyin Alps rufe su ake yi watanni da dama saboda ƙanƙara. Namu ba a rufewa, sai dai su canza hali. Da damina laka ta cika madigadi har taya ta ƙi juyawa, ka koma kai ne ke ɗauke da keken. Da kaka an shanya masara da barkono a gefen kwalta, kaucewa ɗaya ba daidai ba ka shiga shari'a da mai shanya. Da hunturu leɓe ya tsage, ƙura ta mai da kai dattijo kafin azahar. A watan Afrilu kuwa, duk wanda ya hau keke da tsakar rana don nishaɗi, a bincike shi. Ka fita bayan asuba, ka dawo kafin la'asar sakaliya.

6. Guzuri

Su suna tsotsar wani abu mai yauƙi daga 'yar leda, wai mai ƙara kuzari. Kai ka zuba ƙuli-ƙuli a aljihun dama, mazarƙwaila a na hagu. In ka ga 'yar Fulani a gindin mangwaro, tsaya ka sha fura. Sai dai ka sani, fura mai kyau ta fi kowane tudu kayar da ɗan tsere: ludayi goma, inuwa ta yi daɗi, sai dai a tashe ka sallar la'asar.

7. Motar rakiya

Kowane zakara a Turai mota na bin sa da tayoyi da makanike. Kai naka makaniken yana zaune a gindin darbejiya a bakin kowane gari, da kwanon ruwa mai launin shayi. Zai zare tib, ya hura, ya nutsa shi a ruwa sannu-sannu yana neman inda kumfa za ta taso, ya goge wurin da guntun fayil, ya shafa gam, ya hura masa baki. In ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ai wannan faci ne a kan faci," kada ka ji haushi. Ya kira ka Alhaji a kan keke, wannan kaɗai ya isa lambar yabo.

8. In ka isa

Kada ka ɗaga hannu biyu sama kamar yadda suke yi a talabijin, buhu ba ya son murna. Ka sauka a hankali, ka jingina keke, ka yi kamar ba ka gaji ba ko da gwiwa na rawa.

Kuma kada ka ɗauka abin ya fi ƙarfin baƙar fata. Burkina Faso na shirya gasar Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe koriyar riga a Tour de France ta 2024, a 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya. In wata rana an kawo irinta Karaduwa, sharaɗi ɗaya za mu kafa: kowane ɗan tsere, Bature ko Bafaranshe ko waye, a ɗaura masa buhu guda a baya, kuma wanda ya zo na ɗaya shi ne wanda ya isa kasuwa kafin farashi ya faɗi.